Kanar Ilgiz da Ya Ƙi Yin Harbi a Kan Gada

Daga Allah muke, gare Shi kuma ka riga mu komawa. Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, ina layin sayen burodi matarka Rezeda ta kira ni, ta ce, "Nail, sun kashe mana shi." Ban tambaye ta su wa ba. Takardar ma'aikata ta ce igwar abokan gaba ce ta same ka a bakin daga. Haka ne. Amma mun san waɗanda suka tura mutum mai shekara hamsin da biyu, mai ɗingishi, ya kai farmaki a fili fetal da soja goma sha biyu.

Ilgiz Rafkatovich, shekara tara ina mataimakinka a bataliya. Ban taɓa ganin ka ci abinci kafin sojan ƙarshe ya karɓi nasa ba. Duk wanda ya mutu a ƙarƙashinka, da hannunka kake rubuta wa uwarsa wasiƙa, ka faɗa mata yadda abin ya faru, ko da ba daɗin ji. Sojoji Baba suke ce maka. Kai kuwa kullum kana tsokanata a kan shayi: "Nail, wannan ruwan wanki ne ko shayi? Kai ɗan ƙabilarmu ta Tatar ne kuwa? Ƙara madara, kada ka ba mu kunya."

A hunturun da janar-janar suka fara rigima da shugaban sojojin haya, aka hana mu ba su ko da harsashi ɗaya, alhali su ke tsare mana gefen hagu. Su suna zagin manya a waya duniya na kallo, manya suna ramawa da yunwa, mu muna kwasar gawa. Wata rana aka yi wa sojojin hayan ɓarin wuta, ka tura motocin asibitinmu suka ɗebo masu rauninsu. Na tuna maka akwai doka. Ka ce, "Dokar ta ce jininsu ba ja ba ne?" Cikin waɗanda aka ɗebo har da Gleb, ɗaya daga cikin kwamandojinsu, ƙafarsa a tsage.

Sai Asabar ɗin nan ta watan Yuni, da sojojin hayan suka juya tankokinsu suka nufi babban birni. Muna hutu a bayan daga aka aiko mana saƙo: mu tare gada, mu buɗe wuta. Hanyar kuwa cike take da motocin masu zuwa hutu bakin teku, da bas biyu na 'yan makaranta, duk sun cakuɗe da jerin tankokin. Ka ce kowa ya sauke bakin bindigarsa. Ka ba ni bindigarka, ka taka kai kaɗai zuwa tsakiyar gada. Gleb ne ya leƙo daga tankar farko.

"Baba Ilgiz! Hau mu tafi, mu jawo ɓarayin nan daga ofisoshinsu. Ai ka fi ni saninsu."

"Na san su, Gleb. Na san maigidanka ma. Yarana ba za su mutu dominsa ba, ba za su mutu dominsu ba. Kashe injin, mutane su wuce."

"In na ƙi fa?"

"Sai ka taka ni da ƙafar da na sa aka ɗinke maka."

Ya yi ashar, ya kashe injin. Awa biyu kana tsaye a rana kana ba motoci hannu har ta ƙarshe ta fita. Sannan ka matsa, suka wuce.

Kafin magariba manya sun shirya da shugaban sojojin haya. Aka yafe wa masu tawaye. Kai aka gurfanar, wai matsoraci. Sojojin haya kuma suna kiranka karen janar-janar don ka ƙi bin su. Ina zaune a zauren da janar ɗinmu ya daka maka tsawa ya ce me ya hana ka harbi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, sau shida na kira ka in ji umarnin daga bakinka. Wayarka a kashe take." Bayan mako uku aka cire maka igiya, aka tura ka inda ba a dawowa. Janar ɗin kuwa aka rataya masa lambar yabo.

Mun binne ka ranar Juma'a a ƙauyenku, bakin kogin Kama, ƙasa ta daskare har sai da muka hura wuta a kanta kafin a haƙa. Ba faretin girmamawa, ba tuta. Amma sojojinka sun zo, wasu a kan sanda, har maƙabarta ta kasa ɗaukarmu.

An kira ni sau biyu an ce in yi shiru. Ga shi na rubuta, da sunana. Ba ka ji tsoro ba, ba ka ci amana ba. Ina wurin, na gani, kuma zan maimaita a gaban duk wanda ya tambaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya yi hisabi tsakaninka da waɗanda suka zalunce ka. Rezeda, yayata, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da Inna Minzifa da ta binne ɗanta tana da shekara tamanin. Ke kuma Alsu, 'yata, duk wanda ya ce miki mahaifinki matsoraci ne, kada ki sunkuyar da kai. Ki tambaye shi inda yake ranar Asabar ɗin.

Manjo Nail Khabibullin, mai ritaya