Tsoron da Bappa Ya Ƙi Faɗa

Har yau in na tuna shari'ar Bappa, ƙanin babanmu, sai raina ya ɓaci, kuma ba haushin alƙali nake ji ba.

Lokacin Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Wata rana da hantsi ya kai shanu shan ruwa kogin Mayo Gwoi, masu lambu biyu suka tare shi, wai shanunsa sun yi musu ɓarna. Magana ta zama kokawa. Suka kayar da shi, ɗaya ya shaƙe shi yana danna kansa cikin ruwa. Bappa ya lalubo wuƙar ƙugunsa ya soka masa. Mutumin bai kai asibiti ba.

Matsalar, ko tsinke babu a hannun mutanen nan. Lauyan da muka ɗauka ya zaunar da ni a ofishinsa na unguwar Barade ya ce doka ta yarda mutum ya kare ransa ko da kisa, ko maharin ba shi da makami, amma sai kotu ta gamsu ya ji tsoron mutuwa a lokacin. Shaida kuwa ɗaya ne, abokin mamacin. Dole Bappa ya faɗa da bakinsa.

Sau uku ina kai masa saƙon nan gidan yari da Fulatanci. Na tuna masa ba ƙarya ake so ya yi ba, shi da kansa ya gaya mini ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri. Amma mutumin da ya sha bulalar sharo yana murmushi kafin a ba shi mata, ina zai ji?

"Kai ɗana ne, shi ya sa na gaya maka," ya ce. "Surukaina za su zo kotu."

Suka kuwa zo, suka cika bencin gaba. Lauya ya tambaye shi abin da ya ji sanda kansa ke cikin ruwa.

"Mi hulaay," in ji Bappa.

Tafinta ya dube ni, sannan ya shaida wa alƙali wai bai ji tsoro ba. Lauya ya sake tambaya ta wata hanya, Bappa ya ƙara da cewa ko su biyar ne zai iya da su. Ji na yi kamar in tsallaka in rufe masa baki.

Aka ce ya wuce iyakar kare kai, aka yanke masa shekara bakwai. A ta uku kakarmu, mahaifiyarsa, ta rasu tana tambayar ko an sako shi. Ni aka aika in gaya masa. Ya saurara, ya juya mini baya don kada in ga fuskarsa.