Zaman Rakiyar Roka

A ƙauyenmu ba a fita tafiya a tsaitsaye. Ko mota na ta hon a ƙofar gida, sai kowa ya nemi wuri ya zauna, a yi tsit na ɗan lokaci, sannan a miƙe a yi sallama. Haka muka taso muka tarar. Amma Gwaggo Glafira ce kaɗai na sani da take yi wa roka wannan zaman.

Tatsar shanu ta yi a gonar gwamnati har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Gidanta ne na ƙarshe a kan tudu, kuma daga bencin da ke jikin shingenta ana hango dajin da ya raba mu da Plesetsk, inda ake harba taurarin ɗan'adam. Duk ranar da aka ce za a harba, sai ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci, ta zauna a bencin, hannaye bisa gwiwa. Ba magana, ba motsi, har sai wutar rokar ta shige gajimare.

"Ai matafiyiya ce," in ji ta. "Wa gare ta a can da zai zauna mata? Sojoji? Su da kullum a ƙame suke?"

Sannu a hankali ta koya wa maƙwabta. Wanda ya zo kallo dole ya zauna, wanda kuma ya miƙe kafin lokaci sai ya yi mako bai ji amsar gaisuwarsa ba. Mutum ɗaya ne ya gagare ta, Arkhip, tsohon direban motar katako da ke zaune shi da akuyarsa Zoyka a gidan da ke jikin nata. Shi da gangan yake tsayawa.

"'Yar Matvey," yakan ce mata, don da sunan mahaifinta yake kiran ta, "injiniyoyi na gaishe ki. Wai mai ya yi musu kaɗan, ko za ki ƙara zama?"

"Tunda nake zaman nan, wacce ka ga ta faɗo maka a ka, tsohon banza?"

Abin da zan ba ku labari ya faru ne a lokacin kaka, kabejinta ya ƙosa, tana shirin sarewa washegari. Wannan kabejin shi ne abincinta na hunturu: a yayyanka, a barbaɗa gishiri, a danne a ganga, a yi ta ci har ƙanƙara ta narke. Da hantsi muka jeru a bencin. Arkhip na tsaye, hannu a aljihu.

Sai ƙasa ta fara gurnani, gilasan tagogi suka ɗauki rawa. Zoyka ta firgita, ta tsinke igiya, ta haure shinge, ta dira tsakiyar kabejin Gwaggo. Nan take tsoron ya bar ta. Ta sa baki.

Gwaggo ta gani. Mu ma mun gani. Amma rokar ba ta ko fito daga bayan itatuwa ba. In ta tashi, matafiyiya ta tafi ba rakiya. In ta zauna, hunturu zai same ta da gangar wofi. Magana kuma ba dama. Sai ta dinga harbin Arkhip da ido tana nuna akuyar da haɓa, fuskarta ta yi jawur.

Arkhip ya dubi akuyarsa, ya dubi Gwaggo. Sai ya cire hula, ya matse ni gefe, ya zauna.

"Tashi," ya raɗa mata. "Na karɓi zaman."

Ta ƙura masa ido, don ta san halinsa. Ya ɗora hannayensa bisa gwiwa, ya haɗe rai kamar mai jiran hukunci. Sai kawai muka ga Gwaggo ta suri tsintsiya ta yi lambu da gudun da ban san tana da shi ba.

A lokacin rokar ta ɓullo, siririya, da jelar wuta, tana hawa kamar ba ta so, daga baya kuma ta miƙe. Ƙararta ta cika ƙirjinmu, amma a ƙarƙashinta ana jin tsintsiya na sauka, Zoyka na kai ƙara.

Gwaggo ta dawo tana haki, riƙe da ƙahon akuyar, ɗankwalin cocin ya karkace. Kabeji kaɗan ne ya tafi.

"Ta wuce lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Arkhip. "Har ta ce in gaishe ki."

"To ka ji! Ba akuyarka ba ce? Me ya hana ka kore ta da kanka?"

"Ni? Ai Zoyka ba ta ɗauke ni bakin komai ba. Ke kuwa ko beyar, ƙasurgumar dabbar dajin nan, sai ta ba ki hanya."

Washegari ya zo da wuƙarsa ya taya ta yankan kabeji, suna yi suna faɗa kan yawan gishiri. Tun daga ranar, in za a harba roka, za ka same shi a ƙarshen bencin. Wai gwiwa ce ke damunsa, in ji shi. Ban dai taɓa jin ciwon gwiwar da ke sa mutum cire hula ba.