Dutsen da Na Shayar da Unguwarmu

A wancan lokacin ni mai gyaran rediyo da talabijin ne, ina da ɗan shago a Sabon Gari, da mata da 'ya'ya biyu. Wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, samari duk sun koma sayar da katin waya, sana'armu ta fara ja baya, ni kuwa ba abin da ke raina sai in fashe lokaci guda. Ana haka wani tsohon soja daga Basawa ya kawo mini wata na'ura mai dogon mariƙi da faifai a ƙasa, ya ce ta gano ƙarfe ce a cikin ƙasa. Waya ɗaya ce ta tsinke. Da na gyara sai ya ce in riƙe, shi garinsu zai koma. Daga nan duk Lahadi sai in hau acaɓa zuwa Samaru, in bi gonakin bayan gari ina neman zinariya, in dawo da ƙusoshi da gwangwanaye da tsohon kwabo mai huji.

Wata rana da hantsi, a wani kwari da ruwan damina ya zaizaye, na'urar ta ɗauki ƙara irin wadda ban taɓa ji ba. Na tona, na ciro dutse kamar kan ɗan akuya, baƙi wuluk, mai ramuka irin na saƙar zuma, da ɗigo-ɗigon kore masu ƙyalli. Maimakon in nemi masana, sai na kai wa wani mai maganin gargajiya a kasuwa. Ya juya shi, ya ce dutsen aradu ne, daga sama ya faɗo, kuma shaidarsa ita ce idan an lasa zai kama harshe. Na lasa a gabansa, har sau uku, na ji gishiri-gishiri da ɗan ɗaci. Ya ce a jiƙa shi a sha, yana maganin hawan jini da ciwon gaɓɓai da sammu. Ya so in sayar masa, na ƙi.

Na sa dutsen a randa. Kafin wata guda labari ya zaga layinmu, Musulmi da Kirista kowa na zuwa da gora, wasu har roƙo suke in bari su lasa. Matata tana da ciki wata shida, kullum da safe sai na ɗebo mata kofi da hannuna. Akwai wata dattijuwa Bayarabiya maƙwabciyarmu mai sayar da manja, Mama muke ce mata, ita ta yi wa matata wankan jego a haihuwar fari. Ta ce mini tunda ta samu wannan ruwa ta ajiye ƙwayoyin hawan jininta. Na ce ta kyauta.

Kwaɗayi ne ya tona ni. Na ji cewa Turawa na sayen duwatsun sama idan da takardar shaida, sai na tuna wani malamin ilimin duwatsu a jami'a da nake yi wa gyaran rediyo. Na kai masa ofis a Samaru. Ya duba da madubin hannu, ya sa safar hannu, sannan ya ɗauko guduma ya fasa gefe ɗaya. Wallahi har yau idan na rufe ido ina ganin cikin nan: allurai a lanƙwashe sun yi tsatsa, wuyan kwalaben magani sun narke sun manne, da wani abu fari-fari mai kama da ƙashi. Ya tambayi inda na samo, na kwatanta masa. Ya ce a da akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi a wajen, a rami suke ƙona shararsu, audugar miki da bandeji da mabiyiyar haihuwa, wuta ce ta dunƙule su.

"Malam, wannan ba dutse ba ne, ƙonanniyar sharar asibiti ce," in ji shi. "Ina fata dai kana wanke hannu idan ka taɓa."

Na fita na durƙusa bakin kwata na yi ta amai har sai da na ga kore.

Amma ba wannan ne ya fi ba ni ƙyama ba. Na koma gida na mayar da ragowar dutsen cikin randa, na yi gum kwana biyu saboda tsoron kunya. Matata kawai na hana, na ce abin da mai ciki ta sha ya isa. Wata mata ta zo da gora da yaro a goye, na cika mata. A rana ta uku Mama ta yanke jiki ta faɗi a rumfarta, baki ya karkace. Likita ya ce barin magani ne ya jawo. A ƙofar asibitin na faɗa wa ɗanta gaskiya, ya shaƙe ni har sai da mutane suka raba mu, kuma ban ɗaga hannu na kare kaina ba. Na bi gida-gida ina faɗa. Wata ta tofa mini yawu a riga. Matata ta yi mako ba ta haɗa ido da ni, ko ruwa ta gani a kofi sai ta ture shi. Allah Ya rufa asiri ta sauka lafiya. Mama kuwa ta rayu shekara huɗu da hannu ɗaya a shanye, kuma kullum na wuce sai ta amsa gaisuwata, ta tambayi yara.

Abin da na koya shi ne, jahilci yana da uzuri, amma shirun wanda ya riga ya sani ba shi da shi. 'Yan'uwa, duk abin da kuka tono a ƙasa ku kai wa masu iliminsa kafin ku kai baki, kada kuma ku bari wani ya ajiye maganin likita saboda maganarku. Wanda ya yarda da kai ba ya bincike, buɗe baki kawai yake ya sha abin da ka miƙa masa.