Zanen Inna a Bayan Tasha

Hasiya ta Lambara ba ta gaji gona ko saniya ba. Abin da uwarta ta bar mata zanen ƙwarya ne. Takan sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ta bi bayan ƙwarya da shi, ta fitar da sawun zabuwa yana kewaye da jinjirin wata. Uwarta ce ta ƙago zanen, kuma amare kaɗai ake yi wa. Da shi Hasiya ta ci ta sha, ta aurar da 'ya'ya, har furfura ta rufe ta. Duk ranar kasuwa tana Boɗinga da kayanta.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo da shirin ƙawata garin Boɗinga da zanen gargajiya, wai kada gado ya ɓace. Mai fentinsu, wani saurayi Zayyanu, ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi ya ɗauki hoton ƙwarya ɗaya. Hasiya da ba a taɓa roƙonta komai ba sai ragi, daɗi ya kama ta, ta ba shi ƙwaryar kyauta.

Yaron ya iya aikinsa, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya kwafi zanen a bango, ƙato, tun daga ƙasa har sama. Sai dai bangon da aka ba shi na bayan tasha ne, inda direbobi da fasinjoji suka saba tsugunawa su yi fitsari. Masu shirin sun ce kyan zanen zai sa maza su ji kunya. Da gani ba su taɓa yin doguwar tafiya a motar haya ba.

Aka yi buki, aka ɗauki hotuna, aka watse. Maza suka koma abin da suka saba. Kafin damina ta fita, gindin zanen ya yi baƙi, zarni na tarbar mutum daga nesa. Abin ya ci Hasiya ƙwarai, har ta daina yi wa amare zanen, don ita ma ƙwaryar zarni take yi mata. Ta nemi Zayyanu, aka ce ya bar gari. Ta je ofishin ƙungiyar, ta tarar an mai da shi shagon caji.

Rannan da hantsi ta dama farar ƙasa a bokiti, ta nufi bangon don ta shafe shi. Mode, mai gadin tasha, ya tare ta.

"Inna, mi za ki yi?"

"Zanen uwata na, ɗana. Shafe shi za ni yi, ta huta."

"Ki yi haƙuri, Inna. Wanga gadon jama'a na, an hana a taɓa shi. In kinka shafe, ni ad da laifi."

Ta tsaya riƙe da bokiti. Wani fasinja ya sauko daga mota da butarsa, ya yi gyaran murya.

"Inna, ɗan ba ni wuri."

Ta matsa.