Shaidar Direban Kantoma

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni gaban kwamiti ba, saura wata biyu in ajiye tuƙi a wata ƙaramar hukuma ta ƙasar Haɗeja. An gyara jingar da ke tare ambaliya, ana gardamar ko a sa mata sunan marigayi Kantoma. Ku yara ba ku san kantoma ba. Shi ne wanda soja ke naɗawa ya riƙe ƙaramar hukuma, ba zaɓe, ba mai ce masa don me. Ni na tuƙa shi shekara huɗu.

Shugaban kwamitin, Alhaji Sabo, daraktan ma'aikata, yana son sunan, kuma takardun ritayata na kan teburinsa. Madam Rahila, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ke cikin kwamitin, ta ƙi.

Alhaji ya ce, "Malam Garba, faɗa musu. Ya taɓa cin na wani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kifin da masunta suka aiko masa daga Guri sai da ya sa na mayar. Kafin in isa ya ruɓe a bayan mota."

Madam ta ce, "Baba, jingar fa, wa ya gina ta?"

"Manoma, Madam. Kwando a ka, soja da bulala a baya. Wanda ya ce shinkafarsa na jiran yanka, kwana uku a kulle. Wani tsoho Malam Buba, tun da ya fito bayansa bai sake miƙewa ba."

Alhaji ya harare ni. "Amma ai ya koya wa ma'aikata ladabi!"

"Ƙwarai kuwa. Ina tuna wani ƙaramin akawu da ya sa tsallen kwaɗo daga ƙofa har gindin tuta, don lattin minti biyar. Wando ya yage, ni na ara masa sallayata ya ɗaura. Ga shi yau Allah ya ɗaga shi har ya zama..."

"Ya isa! Mun gode, Malam Garba!"

Madam ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Aka sa wa jinga sunan Jingar Manoma. Takarduna kuwa kafin la'asar an sa hannu, saurin da ban taɓa gani a ofis ba.

Abin da na koya shi ne, hannun da bai taɓa kuɗi ba yana iya riƙe bulala. Masu yabon mai bulala kuma, sau tari su suka fi shan ta. Zato suke direba ya manta.