Jikokin 'Yar Gumel

Duk wanda ya san layin masu goro a Agege ya san Azumi mai ƙwai. A nan aka haife ta, a nan ta aurar da 'ya'yanta uku, in tana Yarabanci kuwa sai ka rantse ba ta taɓa cin tuwon dawa ba. Abin da ya rage mata na Arewa biyu ne, yajin daddawa da wata baƙar kaza.

Kazar gado ce. Mahaifiyarta ce ta sauko daga jirgin Kano tana amarya, riƙe da kaza a kwando tun daga Gumel, kuma shekara hamsin da ɗoriya jinin kazar nan bai yanke a gidan ba. Uwa ta ƙyanƙyashe, 'ya ta girma ta ƙyanƙyashe, kowacce sunanta 'Yar Gumel. Da tsohuwar Azumi za ta cika, ba ta yi wasiyyar zinariya ba, don babu. Cewa ta yi, "Azumi, kada ki bari kajina su ƙare."

Azumi ta ce to. Sai dai ita ƙwai take so, ƙwai kuwa yana wurin jajayen kajin gidan gona da ta cika keji da su a bayan ɗaki. Waɗannan ga ladabi, ga ƙoƙari. Kusan kullum sai sun saka, ka zura hannu ka ɗauke ƙwan ko kallonka ba sa yi. Aibinsu ɗaya, iskar damina na kaɗawa sun fara mura. Ta gwada kajin noila ma, manya masu sanyin hali, amma cinsu ya fi ƙwansu yawa.

'Yar Gumel kuwa ba ta san keji ba, ba ta san magani ba. A bakin kwata take kiwo, ta kori ɓera, ta kori kyanwa, ta taɓa korar mai karanta mita har bakin titi. Ƙwanta ƙanana, in ta yi goma sha biyu sai ta kumbura ta kwanta a kai, wai ita kwanci. Azumi ta kwashe ƙwan, ta tsoma ta a bokitin ruwa don ta manta, tana cewa, "Sai baɗi, Hajiya." Haka baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa. 'Yan'uwan kazar suka tafi a tukunyar suna da ta Sallah, har ta rage ita kaɗai.

Wata safiyar Laraba ɗan okada ya bi ta kan 'Yar Gumel da babur a ƙofar gida, bai ko waiga ba. Azumi ta fito ta tarar da baƙin gashi a cikin taɓo. Ta tsuguna a wurin, kunya ta rufe ta, don ta san ba ɗan okada ne ya ci amanar tsohuwa ba. Tana tsugunen ne ta tuna cewa ƙwai shida na ƙarshe, waɗanda kazar ta saka bayan yawonta da zakaran maƙwabta, jiya ta haɗa su a kiret ɗin Harouna mai shayi.

Harouna mutumin Tawa ne ta Nijar, shekara tara yana sayen ƙwai a hannunta. Ta iso teburinsa da takalmi wari da wari, ta same shi yana fasa ƙwai a kofi.

"Malam Harouna, tsaya! Ina ƙananan nan na jiya?"

"Lahiya, Inna Azumi? Ga su can cikin gwangwani. Wa zan soya ma wanga ƙwai? Jiya wani direban motar danfo ya ce mini na kurciya ne."

Ta rungume gwangwanin ta koma gida. A nan ta yi wautar da sai haihuwar Legas zai yi. Ta zaɓi wadda ta fi ladabi a jajayen kajin, ta shimfiɗa tsumma, ta jera ƙwan, ta ɗora ta a kai. Kazar ta miƙe ta nufi abinci. Ta sake ɗora ta, ta kifa mata kwando, da ta buɗe sai ta same ta a tsaye, ta taka guda ya fashe. Shekara goma sha biyar Azumi tana kiwon kajin nan, ba ta taɓa lura cewa ba sa kwanci ba, don ba ta taɓa neman hakan a wurinsu ba.

Da la'asar Harouna ya leƙo jin dalilin gudun safe. Ya ji labari, ya dubi kazar, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga idon Azumi ya daina.

"Inna, wagga ma'aikaciya ce, ba uwa ba. Kawo su."

Ashe a bayan rumfarsa yana da wata kaza durgu, gajeruwa mai baƙin rai, da ta kwanta jiya a kan ƙwan zabi da aka kawo masa daga gida. Ya kwashe na zabin, ya san sun tashi a banza ke nan. Ya shafa wa biyar ɗin gawayi don a gane su, ya tura su ƙarƙashinta tana saran hannunsa.

Kwana ashirin da ɗaya Azumi tana zuwa da tsabar gero a gefen zani, tana gaida durgu kamar mai jego. Uku suka fito. Biyu zakaru ne, ɗaya mace, baƙa wuluk.

Yanzu jikokin 'Yar Gumel sun kai tara a bayan ɗakin, bokitin nan kuwa wanki kawai ake yi da shi. Harouna ya gaji da hana ta godiya, duk Juma'a sai kwanon tuwo ya iso teburinsa. Ranar da baƙar ta fara kwanci, Azumi ta kai hannu don ta ƙirga ƙwan, kazar ta sare ta a yatsa har jini ya fito. Ta tsaya tana kallon jinin, tana dariya, hawaye na zuba.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Inna, ga kajinki nan, halin ma bai canja ba."