Tsohonmu Mai Aure a Hanya

Duk faɗin Jidda, daga Hindawiyya har bakin teku, ba a haifi mai gidan hayar da zai kayar da ni a magana ba. Ni ne fa na taɓa yi wa mai kifi ciniki har ya ƙara min da man suya.

Da aka rushe unguwar Karantina, mu huɗu muka haɗu muka kama hawa na biyu a wani tsohon bene: ni Bakano, da tela ɗan Damagaram, da direba ɗan Chadi, da wani Bamaraɗe mai gyaran firji. Mai gidan dattijo ne haifaffen Jidda, jikan alhazai, Hausarsa rabi Larabci. Wata rana bayan la'asar ya hawo yana haki, ya ce baladiyya, wato hukumar gari, ta ce gidan da maza ke zaune ba dangin juna ba sai da lasisi, kuma shi ba zai biya daga aljihunsa ba, a kanmu zai raba. Tela har allura ta soke shi.

Na ce su bar ni da shi. Na zuba wa dattijo shayi, na ce ai Baba an yi kuskure, mu uba ɗaya muke. Tsohonmu a ƙafa ya taho aikin hajji, mutum ne mai son sunna, duk garin da ya yada zango sai ya yi aure. A Kano ya haife ni, Maraɗi wannan, Damagaram wancan, auta kuma a Chadi. Na kawo har launin rawaninsa. Direba ya share hawaye, ni kaina na fara kewar mutumin.

Dattijo ya shanye shayinsa, ya yi wa tsohon addu'a, muka shafa. Sannan ya ce masu duba gida iƙama, katin zaman ƙasa, suke dubawa, ba sa zama shan shayi, don haka kuɗin lasisi na nan.

“Amma wallahi aibu ne in karɓa a hannun ƙanne ga babban wa a zaune. Kai za ka biya duka, halas, magana ta ƙare.”

Na waiwaya neman mai ƙaryata ni. Ƙannen nawa duk sun sunkuyar da kai cikin ladabi. Da dattijo ya sauka, direba ya dafa kafaɗata.

“Yaya, ka gode Allah tsohon bai yada zango a Sudan ba.”